Honi Mai Da'ira da Sauran Bayin Allah na Bani Isra'ila

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ranar da muka karanta hadisin Juraiju ɗalibaina suka tsare ni. Suka ce tunda Juraiju ba annabi ba ne, amma jariri ya yi magana ya wanke shi daga ƙazafi, ashe Bani Isra'ila suna da waliyyai masu karama? Shin su Yahudawan sun rubuta labarin irin waɗannan mutane a littattafansu? Su wane ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaran nan albarka, tambayar manya suka yi. Sun rubuta, da yawa ma kuwa. Suna kiran irin waɗannan mutane hasidim, wato masu tsoron Allah, wani lokaci kuma su ce musu ma'abota aiki. Yawancin labaran suna cikin Mishna, kundin fiƙihunsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da kuma Talmud ta Babila, sharhin Mishna, wadda ta biyo baya da shekara 300 zuwa 400. Sai marubucin tarihi Yosifus, Bayahude ɗan gidan limaman Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, wanda ya yaƙi Rumawa, suka kama shi, ya ƙarasa rayuwarsa a birnin Rum yana rubutu da Girkanci.

Zan fara da wanda ya fi kwanta mini a rai, Honi, wanda suke wa laƙabi da Mai Zana Da'ira. Ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. A Falasɗinu damina da sanyi tare suke zuwa, ruwa yakan sauka wajen Oktoba ya ɗauke wajen Afrilu. To wata shekara watan Adar, wanda ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, ya kusa ƙarewa sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Mutanen Ƙudus suka je wurin Honi suka ce ya roƙa musu ruwa. Abin da ya fara ce musu shi ne su je su shigar da tanderunsu cikin ɗaki kada su narke. Tanderun yumɓu ne da suke ajiyewa a tsakar gida don gasa ragon Idin Ƙetarewa, wanda ke zuwa a watan da ke biye. Kin ga bai ko ɗaga hannu ba tukuna, ya riga ya sa a kwashe shanya.

Ya yi addu'a, shiru. Sai ya zana da'ira a ƙasa, ya shiga tsakiyarta ya tsaya, ya ce wa Ubangiji jama'arka sun fuskanto ni saboda ni kamar ɗan gida nake a wurinka, na rantse da sunanka mai girma ba zan gusa daga nan ba sai ka ji ƙansu. Aka fara yayyafi. Ya ce ba wannan na roƙa ba, ruwan cika rijiyoyi da ramuka da kogunan dutse nake so. Aka ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ce wannan ma ba shi na roƙa ba, ruwan yarda da albarka da kyauta nake so. Sai ruwan ya daidaita, ya yi ta zuba har mutanen gari suka haura tudun Haikali don gudun ambaliya. Suka dawo suka ce yadda ka roƙa ya sauka, roƙa ya ɗauke. Ya ce su je su duba ko ruwa ya shafe Dutsen Cigiya, wani babban dutse da ake tsayawa kansa ana shelar kayan tsintuwa.

Babban malamin zamanin, Shimon ɗan Shetah, bai ji daɗin wannan ba. Ya aika wa Honi cewa ba don kai ne Honi ba da na sa an ƙaurace maka, amma yaya zan yi da kai, kana yi wa Ubangiji shagwaɓa yana biya maka buƙata, kamar yaron da ke yi wa ubansa shagwaɓa. Wannan saƙon shi ne mabuɗin labaran nan duka. Malaman da suka rubuta su ma'abota littafi ne da ƙa'ida, sun san yadda ake roƙon ruwa: azumi nawa za a yi, wane rana, wace addu'a, wa zai ja gaba. Sai ga mutum ya zo ya tsallake duk wannan, ya yi rantsuwa, ya yi ciniki da sama har sau uku, kuma aka amsa masa. Sun kasa yabonsa kai tsaye, sun kuma kasa share labarinsa.

Farin 1984 ya same ni ina saurayi a ƙauyenmu. Mun fita filin idi roƙon ruwa, liman ya juya mayafi, muka dawo rana na dukanmu. Da za a sake fita sai liman ya ce ba za a fara ba sai an ɗauko wani tsoho mai ɗinkin takalma da ke zama a bakin kasuwa, wanda ko sahun gaba ba ya shiga a masallaci. Mu samari muka yi ta gunaguni. Daga baya na karanta hadisin da Muslim ya ruwaito, na mutumin nan mai birkitaccen gashi, wanda ake korarsa daga ƙofofi, amma da zai yi rantsuwa da Allah sai Allah ya kuɓutar da rantsuwarsa, sannan na gane abin da liman ya hango. Duk lokacin da na karanta Honi cikin da'irarsa sai tsohon nan ya faɗo mini.

Jikokinsa biyu ma an ba da labarinsu, kuma na Abba Hilkiya ya fi na kakan daɗi. Ɗan ƙwadago ne. Malamai biyu suka je neman ya roƙa ruwa, suka same shi yana noma a gonar wani, suka yi sallama bai ko ɗaga kai ba. Da yamma suka biyo shi gida suna kallon abubuwan mamaki. Ya ɗora itace a kafaɗa ɗaya, mayafinsa a ɗayar. Ya yi tafiya ba takalmi, sai da ya zo ƙetare ruwa ya saka. Da ya zo cikin ƙaya sai ya tattare rigarsa sama. A gida ya zauna cin abinci bai ce musu bismilla ba, ya ba babban ɗansa gurasa ɗaya, ƙaramin biyu. Sai ya raɗa wa matarsa su hau soro su roƙa tun baƙin ba su furta ba, don in ruwa ya zo kada a ce su ne. Shi ya tsaya a kusurwa ɗaya, ita a ɗaya. Hadari ya taso daga ɓangaren matar.

Da suka sauko malaman suka tambaye shi dalilin kowane abu. Ya ce sallamar da bai amsa ba, yinin ba nasa ba ne, an biya shi lada. Mayafin na aro ne, don sawa aka ba shi, ba don yin gammo ba. Hanya yana ganin abin da zai taka, cikin ruwa ba ya gani. Fatar jiki in ƙaya ta yage ta tana warkewa, riga ba ta warkewa. Abincin ba zai isa ba, kuma ba ya son a gode masa a kan tayin da ba na gaskiya ba. Ƙaramin yaro yana yini a makaranta, babban yana gida. Game da hadarin kuwa, ya ce ita tana gida, in mabuƙaci ya zo gurasa take miƙa masa ya ci nan take, ni kuwa kuɗi nake bayarwa sai ya je ya saya. Ko kuma saboda wasu 'yan iskan unguwa da suka dame mu, ni na roƙa su mutu, ita ta roƙa su tuba, kuma suka tuba. Malama, wannan kam ki karanta wa 'yan matan ajinki.

Ɗaya jikan, Hanan, ana ce masa Mai Ɓuya. In an rasa ruwa malamai sukan tura masa yaran makaranta, su kama gefen rigarsa suna cewa Abba, Abba, ba mu ruwa. Shi kuwa sai ya ce ya Ubangiji, ka yi domin waɗannan da ba su san bambanci tsakanin Abban da ke ba da ruwa da Abban da ba ya bayarwa ba.

Sai Hanina ɗan Dosa, wanda ya zo bayan Honi da kamar shekara 100, a ƙarni na ɗaya miladiyya. Mutumin Araba ne, wani ƙauye a ƙasar Galili. An san shi da yi wa marasa lafiya addu'a, kuma yakan faɗi wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Da aka tambaye shi yadda yake sani, ya ce in addu'ar ta zubo a bakina ba tuntuɓe na san an karɓa, in ta sarƙe na san an mayar. Ɗan shugaban malamai Gamaliyel ya kwanta da zazzaɓi, aka aika wa Hanina mutum biyu. Ya hau bene ya sauko ya ce ku koma, zazzaɓi ya sake shi. Suka ce kai annabi ne? Ya ce ni ba annabi ba ne, ba kuma ɗan annabi ba. Suka rubuta lokacin, da suka koma aka tabbatar musu a daidai wannan sa'a yaron ya nemi ruwan sha.

Ya kuma yi wa ɗan Yohanan ɗan Zakkai addu'a, malamin da ya sake kafa makarantar Yahudawa a Yabne bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70. Hanina ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa ya roƙa, yaro ya warke. Yohanan ya ce da ni ne, ko zan yini kaina a tsakanin gwiwoyi ba za a kula ni ba. Matarsa ta ce to Hanina ya fi ka ke nan? Ya ce a'a, shi kamar bara yake a gaban sarki, ni kamar hakimi. Duk wanda ya san fada ya gane wannan magana. Hakimi ya fi girma, amma sai an yi masa iso. Yaron da ke share turaka kuwa shiga yake ya fita ba mai tambayarsa. Da wannan amsa malamin ya riƙe rawaninsa, ya kuma yarda akwai ƙofar da ba shi da mabuɗinta.

Talauci shi ne rigar Hanina. Talmud ta ce ana ciyar da duniya duka albarkacinsa, shi kuwa ɗan awo guda na kharrub, abin da bai wuce lita 2 ba, ke riƙe shi daga Juma'a zuwa Juma'a. Kharrub bishiya ce mai kwanso kamar ɗorawa, abincin talaka da dabbobi. Matarsa takan hura tanderu duk jajibirin Asabar ta zuba abin da zai yi hayaƙi, don kada maƙwabta su gane ba a ɗora komai ba. Wata maƙwabciya mai sa ido ta ce bari in je in gani, na san ba su da ko ƙwaya. Matar ta ɓuya a ɗaki don kunya, maƙwabciyar kuwa ta leƙa ta tarar da tanderu cike da gurasa. Wata rana 'yarsa ta yi kuskure ta zuba ruwan khal a fitila maimakon mai, ta zauna tana baƙin ciki, don a shari'arsu ba a kunna wuta in Asabar ta shiga. Ya ce 'yata, wanda ya ce wa mai ya ci wuta shi zai ce wa khal ya ci. Fitilar ta yi ta ci har Asabar ta fita.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne na ƙafar tebur. Matar ta gaji, ta ce har yaushe za mu yi ta shan wannan wahala, roƙa a ba ka wani abu. Ya roƙa, aka miƙo masa ƙafar tebur ta zinariya. Sai aka nuna a mafarki cewa a Lahira salihai suna cin abinci a tebur mai ƙafa uku, su kuwa nasu ƙafa biyu. Matar da kanta ta ce roƙa a karɓe. Aka karɓe. Malaman suka ce karama ta biyu ta fi ta farko, don sun gada cewa sama tana bayarwa, ba ta karɓewa. Mishna ta ce da Hanina ya rasu, ma'abota aiki suka ƙare.

In yara suka tambaye ki ko gaskiya ne, amsar tana cikin Bukhari. An yi mana izini mu ba da labari daga Bani Isra'ila ba laifi, an kuma ce kada mu gaskata ma'abota littafi kada mu ƙaryata su. Hadisin Juraiju ya zo mana ta hanyar da muka amince da ita. Waɗannan kuwa Isra'iliyyat ne, a ba da su a matsayinsu.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Maraɗi: Baba, barka da aiki. Ni ina ganin duk masu nuna abin al'ajabi a zamanin da bokaye ne kawai, sai dai wanda ya yi sa'a a kira shi waliyyi. Akwai wani bambanci da mutanen wancan lokaci suka gani tsakaninsu?

Amsa: Ɗana, rabin maganarka tana kan hanya. Masu sana'ar asiri suna nan birjik, kuma Yahudawa sun yi suna a wannan fage a daular Rum. Yosifus ya ce da idonsa ya ga wani Bayahude mai suna Ele'azaru yana cire aljani a gaban Basfasiyan, wanda daga baya ya zama sarkin Rum, da 'ya'yansa da hafsoshinsa. Yana da zobe, a ƙarƙashin hatimin zoben akwai wata saiwa da aka ce Annabi Sulaiman ya ambata. Sai ya kai zoben hancin mai jinyar, ya zaro aljanin ta ƙofofin hanci, mutumin ya faɗi, shi kuma ya yi ta karanta abin da aka jingina wa Sulaiman yana yi wa aljanin kashedi kada ya dawo. Don 'yan kallo su tabbatar, yakan ajiye ƙoƙo ko daro cike da ruwa a gefe, ya umarci aljanin ya kifar da shi a hanyarsa ta fita. Wannan kam ka san kamanninsa, ba sai na yi maka fassara ba.

Sana'ar ta daɗe. A Iraƙi, musamman a kufan Nippur, masu tono sun fito da ɗaruruwan kwanukan yumɓu na ƙarni na 6 da na 7, an rubuce cikinsu da tawada da harshen Aramiya, rubutun yana zagayawa kamar faifai. A kife ake binne su a ƙarƙashin dokin ƙofa ko kusurwar ɗaki. Wasu an rubuta wa aljana takardar saki a ciki, da lafazi irin na sakin aure, wai ta tattara ta bar gidan. Abin dariya, wasu kwanukan suna ambaton sunan Hanina ɗan Dosa don tsorata aljanu. Mutumin da ya rayu kan kharrub, bayan shekara 500 sunansa ya zama jarin masu rubutu.

Akwai kashi na biyu, masu tara jama'a. A zamanin Fadus, gwamnan Rumawa a ƙasar Yahudiya, tsakanin 44 da 46 miladiyya, wani mai suna Tudas ya ce shi annabi ne, ya sa mutane suka kwashi kayansu suka bi shi Kogin Urdun, wai zai umarci ruwa ya tsage. Dawakan Rumawa suka far musu, aka sare kansa aka kai Ƙudus. Bayan kamar shekara 10, a zamanin gwamna Filikus, wani da ake kira Bamisire ya tara jama'a a Dutsen Zaitun ya ce da umarninsa ganuwar Ƙudus za ta zube. Sojoji suka kashe 400, suka kama 200, shi kuwa ya sulale ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yosifus ya ce mabiyansa 30,000 ne, littafin Ayyukan Manzanni na Kiristoci ya ce 4,000. Lissafin taron jama'a tun can haka yake.

Yanzu ka ajiye waɗannan a gefe ka ji yadda Honi ya mutu. Wannan ba daga Talmud ya zo ba, Yosifus ne ya rubuta shi wajen shekara ta 93 miladiyya, kafin Mishna da fiye da shekara 100, yana kiransa Oniyas, adali, masoyin Allah, wanda ya taɓa roƙon ruwa a lokacin fari aka amsa masa. Wajen shekara ta 65 kafin miladiyya 'yan'uwa biyu, Hirkanus da Aristobulus, suka yi rikicin sarauta. Hirkanus ya gayyato Harisa sarkin Nabatawa na birnin Batra, suka yi wa ƙanensa ƙawanya a cikin Haikali tare da limamai. Honi ya ga fitina ya ɓuya. Aka zaƙulo shi aka kawo sansanin Hirkanus, aka ce yadda ka roƙa ruwa ya sauka, tsine wa Aristobulus da mutanensa. Ya ƙi, ya ba da uzuri, aka matsa masa. Sai ya tsaya a tsakiyarsu ya ce ya Allah Sarkin kowa da komai, waɗannan da ke tsaye tare da ni jama'arka ne, waɗanda aka tsare a ciki limamanka ne, ina roƙonka kada ka amsa wa waɗannan a kan waɗancan, kada kuma ka cika wa waɗancan abin da suke roƙo a kan waɗannan. Nan take suka jefe shi da duwatsu har ya mutu. Shekara biyu bayan haka, a 63, babban kwamanda Fomfe ya shigo da sojojin Rum ya ci Ƙudus, 'yan'uwan biyu duk suka rasa sarautar.

To ga bambancin da ka nema. Ele'azaru yana da kayan aiki da 'yan kallo. Tudas da Bamisire suna da alkawari da mabiya, kuma mabiyan ne suka biya kuɗin sabulu. Honi da Hanina da Abba Hilkiya ba zobe, ba saiwa, ba tuta, ba a ce sun karɓi ko anini ba, sai an je an nemo su a gona ko a maɓoya. Boka in sarki ya kira shi ya ce jefi wane, ya ga ranar kasuwa. Shi wannan an kira shi ya zaɓi duwatsu. Mu da muke ganin yadda ake ɗaukar hayar addu'a duk shekarar zaɓe, wannan labari bai yi mana nisa ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Malam, wani abokin aikina ya ce masana sun gano Annabi Isa ɗaya ne daga cikin irin waɗannan mutane na Galili, ba wani abu daban ba. Haka ne?

Amsa: Ra'ayin yana da mai shi. Geza Vermes, masani a jami'ar Oxford, shi ya yaɗa shi a wani littafi da ya fitar a 1973. Ya ce a Galili akwai wani salo na bayin Allah talakawa masu warkarwa da addu'a, waɗanda malamai ke yi wa kallon hadarin kaji, kuma a cikinsu ya kamata a fahimci Annabi Isa. Kamannin suna nan: warkar da yaro daga nesa, a duba sa'a a ga ta yi daidai, ya zo a labarin Hanina ya kuma zo a Linjilar Yohanna.

Amma masana da dama sun ja da shi, kuma ina ganin suna da hujja. Tsofaffin labaran Honi a Ƙudus suka faru, ba su danganta shi da Galili ba. Yawancin karamomin Hanina kuwa a Talmud suke, wadda aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayansa. In ka cire Honi, ka tace na Hanina, mutum ɗaya ya rage, kuma da mutum ɗaya ba a cewa an samu ƙungiya. Ban da haka, su waɗannan roƙo suke yi a amsa musu, ba su zo da saƙo ba, ba su kira kowa ya bi su ba, Hanina ma da bakinsa ya ce shi ba annabi ba ne. A wurinmu Musulmi wannan shi ne tsakanin karama da mu'ujiza, ita mu'ujiza tana tafe da da'awar annabci da ƙalubale. Maƙwabtanka Kiristoci su ma ba za su yarda da maganar abokin naka ba, ta tasu fuskar. Abin da binciken ya amfanar shi ne ya nuna irin jama'ar da Annabi Isa ya taso a cikinta, mutanen da suka saba kai mara lafiya wurin bawan Allah, suka kuma saba ganin malamai suna harararsa.

Tambaya daga wani dattijo manomi a Gaya: Malam, jikana ya karanta mini labarin wani Bayahude da ya yi barcin shekara 70. Shi ne Uzairu, ko cikin Ashabul Kahfi yake?

Amsa: Ranka ya daɗe, ba ko ɗaya. Mutumin da ke cikin Suratul Baƙara, aya ta 259, wanda malaman tafsiri da yawa suka ce Uzairu ne, shekara 100 ya yi. Ashabul Kahfi kuwa 309. Mai shekara 70 Honi ne dai, a wani labari da Talmud ta Babila ta kawo.

An ce wata aya a Zabura da ke kwatanta zaman bauta a Babila da mafarki ta daɗe tana damunsa, yana cewa wa zai yi barcin shekara 70? Wata rana ya ga mutum yana dasa kharrub. Ya ce shekara nawa take yi kafin ta yi 'ya'ya? Ya ce 70. Ya ce kana da tabbacin za ka kai? Mutumin ya ce na zo duniya na tarar da kharrub, yadda iyayena suka dasa mini haka nake dasa wa 'ya'yana. Kai da ka dasa mangwaro da tsufanka ka fi ni sanin wannan amsa, ga kuma hadisin da ya ce in Alƙiyama ta tsaya da dashe a hannun ɗayanku, ya dasa. Ita kharrub dai ba ta kai shekara 70 kafin ta fara 'ya'ya, lissafin labari ne.

Honi ya zauna ya ci guzurinsa, barci ya kwashe shi, dutse ya kewaye shi ya ɓoye shi daga idon mutane. Da ya farka ya ga wani yana tsinkar 'ya'yan bishiyar. Ya ce kai ka dasa ta? Ya ce jikansa ne ni. Ya je gida ya tambayi ɗan Honi, aka ce ya rasu, sai jika. Ya ce ni ne Honi, ba wanda ya yarda. Ya shiga makaranta ya ji malamai suna cewa wannan mas'ala ta fito mana sarai kamar a zamanin Honi, wanda in ya shigo yake warware duk abin da ya shige mana duhu. Ya ce ai ni ne. Ba su yarda ba, ba su kuma ba shi girman da ya saba ba. Ransa ya ɓaci, ya roƙi Allah ya ɗauke shi, ya mutu.

Ka lura da abu biyu. A nan an mayar da shi malamin da ke warware mas'aloli, alhali a Mishna mutum ne da shugaban malamai ya kusa sa a ƙaurace masa. Haka ma Hanina, daga baya aka ɗaura masa laƙabin Rabbi, wato malam. Malamai sun ɗauki ƙarnuka suna jawo mutanen nan cikin zaurensu a hankali. Na biyu, wannan mutuwa ta saɓa da wadda Yosifus ya rubuta, kuma ta Yosifus ta fi kusa da zamanin. Akwai wani kabari da ake jingina wa Honi a Hazor ta Galili, a arewacin ƙasar, kuma har yau in damina ta yi jinkiri Yahudawa masu ibada sukan je can roƙon ruwa.